Hasiya Mai Gora

A layin su Malam Inuwa da ke Rigasa, ba mai kiran Hasiya da sunanta shi kaɗai. Mai Gora ake ce mata. Yanzu ta gama sakandare, da safe tana taya mahaifinta, shi Malam Inuwa, biya wa ƙananan 'yan mata karatu, da yamma tana koyon ɗinki, kuma har yaran da aka haifa bayan abin ya faru da wannan suna suke kiranta. Idan baƙo ya tambayi dalili, sai a ce masa tun tana ƙarama take son ruwa. Ita kuma ba ta gyara wa kowa.

Kafin wannan suna tana da wani: Rediyo.

Ita ce autar matan gidan. Ta fara magana kafin ta fara tafiya, kuma Inna, mahaifiyarta, ta sha cewa da ƙafar ce ta riga bakin da an huta. Tana 'yar shekara biyar ta sanar da masu sayen ƙosai a bakin layi cewa yayarta ta yi saurayi mai babur, kafin ita yayar ta gama yanke shawara. Idan Malam ya ce a gaya wa baƙo yana hutawa, sai ta fita ta ce, "Ya ce yana hutawa, amma goro yake ci." Ba ƙarya take yi ba, abin da ya fi damun mutanen gidan ke nan. Da ƙarya take yi da an ƙaryata ta an wuce wurin. Sai gidan ya koyi dabara: da ta ɗaga labule, a koma zancen wuta da ruwan famfo.

Malam Inuwa yana da makarantar allo a zaurensa, wasu ranakun kuma da yamma yakan hau babur ya tafi Unguwar Sarki ya biya wa 'ya'yan ma'aikatan gwamnati karatu a gidajensu. Ɗaya daga cikin iyayen nan, wani babban jami'i a wata ma'aikata, shi ya samar wa Hasiya gurbi a makarantar 'yan mata da ke Doka, aji ɗaya da 'yarsa Safiyya. Hasiya na da shekara goma sha ɗaya ta fara shiga keke napep kullum da safe, da takalmi mai ƙura, zuwa wurin da yara ke cewa Mami da Dadi.

A makarantar akwai wani benci a ƙarƙashin darbejiya. A ƙa'ida na makaranta ne, amma kowa ya san na Safiyya ne. Wadda Safiyya ta matsa wa ta zauna, ta zama mutum. Wadda ba ta matsa wa ba, sai ta nemi dutse. Hasiya ta samu gefen bencin, can inda ƙusa ta leƙo, don tana kawo labari: wace malama ce ta yi faɗa da wace, wa aka kama da waya. Ta san dalilin zamanta, kuma ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba.

A zango na biyu aka kawo Turai. Siririya ce, 'yar ƙarama, farin idonta da ɗan rawaya-rawaya, ta ce gado ne daga kakarta. Ba wadda ta kai ta son tsallen igiya. Sai ta yi ta tsalle har a gaji da kaɗa mata. Safiyya ta dube ta na 'yan kwanaki, sannan ta matsa mata.

Azumin shekarar ya faɗo cikin tsakiyar zafi, lokacin da kwano ke ƙara da rana kamar ana taka shi. 'Yan bencin duk sun wuce shekarun azumin rabi-rabi, wanda akan ce wa yaro ya yi rabi yau rabi gobe a ɗinke masa. Bana kowa cikakke za ta yi. Safiyya ta sanar cewa Maminta ta yarda a yi shan ruwa a gidansu ranar Juma'ar ƙarshe kafin hutu, amma na waɗanda ba su fasa ko ɗaya ba ne kawai. Da yake ba a yarda da maganar baki ba, sai ta kafa duba harshe. Kullum da an fita hutun tara, a jeru, kowa ta zaro harshe. Fari busasshe, an wuce. Ja mai laima, a yi bayani.

Darajar Hasiya ta tashi a watan nan. 'Yar malam ce, don haka ita ke ba da fatawa. Haɗiye yawu yana karya azumi? Shaƙar ƙamshin awara fa? Wadda ta yi mafarki tana shan zoɓo fa? Aka matsa mata daga wurin ƙusa zuwa kusa da Safiyya. Tun da take ba ta taɓa jin daɗin wata kamar wannan ba.

Cikin sati na biyu malamar lissafi ta aike ta ɗauko kujera a ɗakin da ake tara karyayyun kujeru, can bayan azuzuwa. Ta zagaya ke nan ta ga Turai a tsugune bayan ɗakin, ta kafa wata shuɗiyar gora a baki tana sha, idonta a rufe.

Ƙafafun Hasiya suka juya da kansu. Labari irin wannan ba a samun sa kullum.

"Je ki," in ji Turai, ko tashi ba ta yi ba. "Ai tunda ke ce, an gama. Je ki faɗa."

Hasiya ta tsaya. Ba tausayi ne ya tsayar da ita ba, haushi ne.

"Me kike nufi tunda ni ce?"

"Rediyo ba?"

Turai ta goge bakinta da gefen hijabi, ta ci gaba da gogewa har leɓen ya bushe, da alama ta saba. Sannan ta yi bayani tana kallon ƙasa. Sikila gare ta. Likita ya ce idan jikinta ya rasa ruwa ciwon zai tashi, sai gadon asibiti, don haka Maminta ta hana ta azumi, ita ke cika mata gorar kullum. A tsohuwar makarantarsu kowa ya sani.

"To sai me?" in ji Hasiya. "Ai marar lafiya an sauƙaƙa masa. Baba ya faɗa."

"Kin san aikina a can? Tsaron takalma. Idan za a yi wasa sai a ce Turai zauna ki kula mana da takalma, kada ki faɗi. Wata ta ce mini gwaggonta ta ce irinmu ba ma kaiwa ashirin, shi ya sa take ba ni biskit ɗinta. Ni ba na son biskit ɗin kowa. Tsalle nake so."

Hasiya ta yi tunani. Ba wanda ya taɓa ba ta sirri. Duk wanda ta sani tsintar sa ta yi.

"Ki ce amana ce."

"Me?"

"Ki ce kin ba ni amana. Idan ba ki ce ba, labari ne kawai, kuma ni labari ba ya kwana a wurina. Amana kuma daban take."

Turai ta dube ta kamar wadda ba ta da wani zaɓi, kuma ba ta da shi.

"Na ba ki amana."

"Na karɓa," in ji Hasiya. Ta ɗauki kujera ta koma aji.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi ƙishirwa wuya. Maganar takan taso mata tun daga ciki har ta iso haƙora, sai ta ciji gefen hijabinta. A gida ta tsaya gaban akuyar Inna ta daɗe tana dubanta, sannan ta fasa, don ba ta tabbata akuya ba ta cikin hukuncin ba.

Sai ga ranar da iska ta taso ana tara. Jakunkunan 'yan bencin suna jibge a gindin darbejiya, wata ta ja tata da sauri, tulin ya rushe, shuɗiyar gora ta gangaro ta tsaya daidai ƙafar Safiyya. Safiyya ta ɗaga ta, ta girgiza. Ruwa ya yi ƙara. Rabi ne.

"Ta wace ce?"

Kowa ta dubi ta kusa da ita.

"To. Za a bi layi kowa ta rantse. A cikin azumi kuwa, wadda ta rantse a kan ƙarya ta san sauran."

Hasiya ta saci kallon Turai. Turai ta riga ta fara kallon takalman mutane.

"Tawa ce," in ji Hasiya.

"Ke? 'Yar Malam?"

"Tawa ce."

"Kin sha ke nan?"

"Na ce tawa ce."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ba a kuma nema ba. Wadda jiya ta yanke hukunci a kan mafarkin zoɓo, yau ga ta da rabin gora. Kafin a koma aji an yi mata waƙa: *Mai gora, mai gora, azumi ya hango ki ya ruga.* Ba a mayar da ita wurin ƙusa ba ma. Dutse aka nuna mata.

Da aka tashi, ta ja Turai bayan ɗakin kujeru.

"Ki ba ni gorar nan kyauta."

"Hasiya, ki yi haƙuri, wallahi ni…"

"Ba haƙuri na nema ba. Na ce tawa ce, kuma ina azumi. Ki ce kin ba ni."

"Ai kin riga kin faɗa tun ɗazu."

"Gaggawar faɗa na yi kawai. Ce kin ba ni."

"Na ba ki."

"Madalla. Yanzu ba ƙarya."

Turai ta ce daga gobe ba za ta ƙara zuwa da ruwa ba, za ta yi azumin gaske, abin da zai faru ya faru. Hasiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ki kwanta asibiti, kowa ya sani, ni kuma na zauna a dutse a banza? Ba ki isa ba. Ni zan riƙa kawowa. Wadda aka riga aka kama, ba mai sake bincikar ta."

Haka aka yi. Kullum Hasiya ta cika gora a famfon layinsu, ta ɗauko ta tun daga Rigasa, tana jin ruwan yana ƙara a bayanta duk ramin da keke ya faɗa. Ana fita tara, bayan Turai ta nuna busasshen harshenta an ce ta wuce, sai su haɗu bayan ɗakin kujeru. Hasiya ta juya baya tana gadi, Turai tana sha.

"Ki rage wannan ƙwat-ƙwat ɗin," takan ce. "Ki ji tausayin musulmi."

"Na ƙoshi."

"Shanye. Ban ɗauko ta cike don in mayar da rabi ba."

Labari bai tsaya a Doka ba. Safiyya ta gaya wa Maminta, Mamin kuma, da Malam Inuwa ya zo biya karatu, ta sa aka kawo masa darduma mai laushi, ta ce ba wai tsegumi ba ne, amma yaran zamani sai da sa ido, ko da kuwa daga gidan ilimi suka fito.

Malam ya dawo kafin magariba. Bai shiga ɗaki ba. Ya zauna a tabarmar tsakar gida, inda Inna ke dama kunu, ya kira autarsa. Hasiya ta durƙusa. A duniya ba abin da take ƙi kamar mahaifinta ya dube ta da wannan idon, na mutumin da aka ba kunya a gidan mutane.

"An ce kina zuwa makaranta da gorar ruwa."

"Haka ne, Baba."

"Ta wace ce?"

"Tawa ce. An ba ni."

"Kina sha?"

"A'a, Baba. Ban fasa ko ɗaya ba."

"To ruwan yana dawowa gida?"

"A'a."

"Ina yake zuwa?"

Kalma ɗaya ta isa. Ta san idan ta ce Turai, Baba zai ce ai babu laifi, gobe ya je ya wanke ta a gaban Mamin Safiyya, jibi ta koma benci, Turai kuma ta koma tsaron takalma. Sunan ya hau har kan harshenta. Ta ciji hijabi.

Inna ta ajiye ludayi.

"Malam, yarinyar nan ba ta da lafiya. Tun da na haife ta ban taɓa jin an tambaye ta abu ta yi shiru ba. Ko ba a tambaye ta ba ma."

"Da ke nake, Hasiya."

"Amana ce, Baba."

"Wa ya ba ki?"

"Shi ma yana cikin amanar."

Malam ya shafa gemunsa. Shekara da shekaru yana karantar da yara babin amana, bai taɓa tsammanin daga wannan ɓangaren gidan za a fara aiki da shi ba.

"Akwai saɓon Allah a ciki?"

"Babu. Kai ma ka taɓa karantar da mu hukuncinsa."

"Kin san abin da ake faɗa a kanki? Da ni?"

"Na sani." Ta dubi tabarma. "Har waƙa an yi."

"Kuma kin yarda?"

"Na riga na karɓa, Baba."

Aka kira salla. Malam ya tashi ya ɗauki buta.

Washegari da safe ta ɗauki gora za ta famfo, ya tsayar da ita a ƙofar zaure. Ya karɓa, ya je randar da ke inuwar ɗakinsa ya cika ta da kansa, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma.

"Ruwan famfo kafin hantsi ya zama na wanka," ya ce. "Duk inda yake zuwa, gara ya isa da sanyi."

Da ya koma Unguwar Sarki, Mamin Safiyya ta tambaye shi ko ya yi wa yarinyar faɗa. Ya ce sun yi magana. Ya buɗe Alƙur'ani.

Satin ƙarshe Safiyya ta karanto sunayen waɗanda suka cancanci shan ruwa. Turai na ciki, da yabo na musamman, don harshenta bai taɓa ba da matsala ba. Hasiya, wadda ba ta fasa ko ɗaya ba, tana kan dutse tana saurare.

"Zan faɗa musu," in ji Turai a bayan ɗakin kujeru. "Yau ɗin nan."

"Ki faɗa me?"

"Gaskiya mana. Sirrina ne ai."

"Don kina so ne, ko don kina jin tausayina?"

Turai ta juya gorar a hannunta.

"Ashe biskit za ki ba ni," in ji Hasiya. "Riƙe abinki. Ni na yi sati biyu ina cin hijabi, ke ki zubar a minti ɗaya? Ki je ki ci samosa. Ki ƙirga mini kala nawa aka yi. Yanzu shanye."

Ranar Juma'a da yamma Hasiya na zaune a tsakar gida, gabanta kunun tsamiya da ƙosai, tana ƙoƙarin kada ta tuna cewa a gidan su Safiyya an ce har farfesun kaza za a yi. Sai hayaniyar yara ta tashi a layi, irin wadda ake yi idan mota ta shigo inda mota ba ta saba shiga ba. Turai ce ta yi sallama, bayanta Maminta ɗauke da kuloli.

Mamin ta tsaya a zaure ta gaida Malam, ta rage murya.

"Malam, jiya yarinyar nan ta gaya mini komai. Game da gorar nan ne…"

"Hajiya, gorar Hasiya ce," in ji Malam. "An ba ta. Ku shiga daga ciki, an kusa kira."

A tsakar gida Hasiya ta tare Turai da harara.

"Me ya kawo ki? Samosar fa?"

"Na ce wa Safiyya ina da wata gayyatar."

"Wa ya gayyace ki?"

"Ke. Ki ce kin gayyace ni."

"Ai kin riga kin zo."

"Gaggawar zuwa na yi kawai."

Hasiya ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta, ta kasa. "Na gayyace ki. Zauna, kada ki taka ƙosai."

Da ladan ya kira, ta ci dabino, ta kai hannu ga kofi, sai ta fasa. Ta jawo shuɗiyar gorar, ta warware tsumman, ta kafa kai. Ranar ce ta fara sanin ɗanɗanon ruwan cikinta. Warin roba yake yi. Ta shanye tas, da ƙwat-ƙwat ɗinta.

Ba ta ƙara zama a bencin ba. Bayan Salla Turai ta ci gaba da tsallen igiya, idan ta gaji kuma ta zo ta raba dutsen da ita. Sai da suka shiga babbar sakandare, wata rana bayan ta dawo daga jinyar sati guda, Turai ta faɗa wa 'yan ajin da bakinta, a tsaye, ba wanda ya tambaye ta. Safiyya ta ce, "Ayya, sannu," ta tambayi ko an ba da aikin gida. Hasiya ta yi kwana biyu tana jin haushin arhar da abin ya yi.

Ba wanda ya tuna ya koma ya gyara zancen gora, sunan kuma ya riga ya bi ta har Rigasa. Turai tana jami'a yanzu, tana zuwa duk hutu. Inna ta taɓa ce wa Hasiya tunda mai abu ta faɗa da kanta, ai sai ta wanke sunanta a layi.

"Ita ta faɗi nata," in ji Hasiya. "Ni ba ta ce in faɗa ba."

Ta ɗauki mayafi ta fita, don an ce amaryar gidan kusa da famfo ta ƙona shinkafa, kuma har yanzu rabin layin bai ji ba.